Hanyar Ƙarƙashin Ruwa: Ginin da Ake Yi a Tudu a Nutsar a Teku



Sa'ad da aka sanar da abin da za mu yi magana a kansa yau, mun sami labari wani ya yi dariya ya ce, ina ruwan Bakatsine da hanyar ƙarƙashin teku, mutumin da bai san wani babban ruwa ba sai na Ajiwa da na kududdufin unguwarsu? Ba mu ga laifinsa ba. Birnin Katsina ba shi da kogin da jirgi zai bi, ƙoramunmu irin su Ginzo kuwa ba su kai a sa musu kwalekwale ba. Amma fa tun watan Janairu na 2023, lokacin da Shugaban Ƙasa na wancan zamani, marigayi Muhammadu Buhari, ya buɗe hanyoyin ƙarƙashin ƙasa na Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Kwaya, mu ma mun shiga sahun mutanen da ke gangarawa ƙasa da motocinsu, alhali wasu motocin na wucewa ta bisa kansu. Duk wanda ya gangara ƙasa kuwa ya shiga harkar ruwa, ko ya sani ko bai sani ba. Saboda haka muna ganin ya kamata mu je wurin waɗanda suka fi kowa sanin halin ruwa, watau masu shimfiɗa hanya a gindin teku, mu ga yadda suke yi, da kuma inda ruwan yake cin su idan ya tashi cinsu.

Tun fil azal hanyoyi biyu ɗan Adam ya sani na ƙetare ruwa, ko fito ko gada. Kakanninmu fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sun sha wahalar fito a kogin Kwara. Da Turawa suka jawo hanyar jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Arewa, sai da suka yi shekaru a Jebba suna ɗora taragu a kan jirgin fito ana ƙetarewa da su, kafin a gama gada. Haka aka yi ta yi a Makurɗi a kan Binuwai har 1932, shekarar da aka buɗe gadar can.

To, akwai inda gada ba ta yi. Idan manyan jiragen ruwa ne ke bin mashigin, tilas gadar ta yi tsayi ƙwarai don su wuce ta ƙarƙashinta, sai ka ga hawanta ya faro tun daga nesa, an rushe unguwanni. Idan kuma akwai filin jirgin sama kusa, ba a yarda a kafa dogayen ginshiƙai. A nan ne ake komawa ga tunanin bi ta ƙasa. Dabarar da ta fara zuwa wa mutane ita ce ta gafiya, watau a haƙa rami daga wannan gaɓa a ɓulle a waccan. Injiniya Marc Brunel ya yi haka a ƙarƙashin kogin Thames a Landan. Ya fara a 1825, ba a buɗe hanyar ba sai 1843, shekara 18 ke nan a kan ramin da bai cika mita 400 ba. Ruwa ya sha ɓarkewa a kansu, a ɓarkewar 1828 ma mutum shida suka halaka. Yanzu akwai manyan injunan haƙa da suka sauƙaƙa aikin, irinsu ne suka haƙa hanyar da ta haɗa Ingila da Faransa, wadda aka buɗe a 1994. Duk da haka mai haƙa ba shi da zaɓi sai ya yi zurfi, ya bar ƙasa mai kauri tsakaninsa da gindin ruwa, in ba haka ba rufin ya rufto masa. Zurfi kuwa yana jawo doguwar gangara da dogon hawa, abin da jirgin ƙasa ba ya so ko kaɗan.

Dabara ta uku, wadda ta tara mu yau, ita ce a gina ramin a tudu, gaɓa gaɓa kamar rake, a ja kowace gaɓa a kan ruwa zuwa inda ake so, a nutsar da ita, a haɗa ta da 'yar'uwarta a can ƙasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiyar da ake ɗaurewa da kwalbati ya ga rabin wannan aiki. Magini ba ya shiga cikin rijiya da cokalinsa yana shafe siminti a cikin laka. A waje yake zuba zoben kankarensa, inda yake gani da kyau, ya bar shi kwanaki yana yayyafa masa ruwa har ya yi ƙarfi, sa'an nan a zura shi da igiya, a ɗora wani a kansa. Ku ɗauki rijiyar nan a zuci, ku kwantar da ita a gicciye, ku faɗaɗa ta har mota da jirgin ƙasa su bi ta ciki, to, kun sami hanyar da muke nufi.

Bari mu bi aikin daki daki, mu ɗauki misali da hanyar da ta haɗa Denmak da Suwidin a mashigin Øresund, wadda aka buɗe ran 1 ga Yuli, 2000. Kusan rabin hanyar gada ce, amma ta wajen Denmak filin jirgin saman Kopenhagen yana bakin ruwan, ga kuma jiragen ruwa, saboda haka aka nutsar da kilomita uku da rabi. Gaɓoɓi 20 aka yi, kowace tsawonta mita 176, faɗinta kusan mita 39, tsayinta mita 8.6, nauyinta kuwa tan 55,000. Don mu ji girman abin, tsawon gaɓa ɗaya ya fi filin ƙwallo ɗaya da rabi. Tirelar siminti mai buhu 600 tan 30 take ɗauka, watau sai an tara kayan tirela fiye da 1,800 kafin a kai nauyin gaɓa guda. A cikin kowace akwai ramuka biyu na mota, biyu na jirgin ƙasa, da wani ɗan lungu na wayoyi da na tserewa idan gobara ta tashi. An zuba su ne a ƙarƙashin rufi kamar a masana'anta, yanki yanki, mita 22 a zubi ɗaya ba tsayawa. Dalilin wannan kuwa shi ne kankare yana yin zafi sa'ad da yake ƙanƙara, idan aka zuba sabo a kan tsohon da ya riga ya huce sai ya tsattsage a mahaɗar. A ginin gida irin wannan tsaga sai a shafe ta a manta, amma a gindin teku ƙofa ce aka buɗe wa ruwa.

Idan gaɓa ta yi ƙarfi sai a toshe bakunanta biyu da manyan murafe na ƙarfe, ta zama akwati rufaffe wanda ba komai a cikinsa sai iska. Sa'an nan a sako ruwa cikin gurbin da take, sai ga dutsen nan mai tan 55,000 ya taso yana yawo a kan ruwa. Wannan shi ne abin da ya fi ba mutane mamaki, alhali kuwa ba wani sihiri a ciki. Masuncin Argungu yana kwanciya a kan gorarsa ta ɗauke shi, domin ruwan da gorar ta ture ya fi shi da ita nauyi. Ƙa'idar ke nan da Arkimidis, masanin nan na Girka, ya bayyana fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Ku ninka tsawo da faɗi da tsayi da muka ambata, za ku sami abin da ya haura mita 58,000 na cikin akwati, kowace mita guda ta ruwa kuwa tan ɗaya ce, ta teku ma ta ɗara kaɗan saboda gishiri. Tun da abin da gaɓar za ta iya turewa ya fi nauyinta, tilas ta taso. Sai dai da gangan ake yin lissafin a kusa da kusa, yadda abin da ke leƙowa sama sau da yawa bai kai kamu ɗaya ba, don kada nutsar da ita ya zama wani sabon aiki.

Ana cikin wannan kuma, can a teku jiragen yasa sun riga sun haƙa dogon gwalalo a gindin ruwa, irin wanda aka yi wa ganuwa a da, sai dai wannan ba mai ganinsa. A cikin gwalalon ake shimfiɗa tsakuwa a daidaita ta, kuskuren da aka yarda da shi bai wuce 'yan santimita ba. A wasu wuraren kuma sai a aje gaɓar a kan matokarai na wucin gadi, a fesa yashi da ruwa ƙarƙashinta har ya cika. Idan shimfiɗar ba ta daidaita ba, gaɓar za ta zauna a kan tudu ɗaya, nauyinta ya karya ta.

Ranar nutsarwa ba a zaɓenta da ka. Sai an duba iska, da igiyar ruwa, da ƙarfin gudunsa, har da yawan gishirinsa, domin ruwan da gishirinsa ya ƙaru kaɗan yana iya hana gaɓa sauka. Jiragen ja su jawo ta a hankali, a rataye ta da igiyoyin ƙarfe a jikin wasu jirage biyu masu kama da dandamali. A cikinta akwai tankuna, sai a riƙa sako musu ruwa har ta fi ruwan da take turewa nauyi da kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari. Iyakar abin da igiyoyin ke riƙewa ke nan, sauran nauyin duk ruwa ne ke ɗauke da shi. Haka za a yi ta sassauta igiya, ana aunawa da na'urori, masu nitso suna dubawa, wani lokaci kwana da yini, har ta zauna kusa da wadda ta riga ta.

Yanzu mun zo wurin da muke so ku saurara da kyau, watau haɗawa. A kewayen bakin sabuwar gaɓa akwai wani zobe na roba mai kauri. Sai a sa jak ya jawo ta a hankali har robar ta taɓa fuskar tsohuwar gaɓa, ta ɗan matse. Yanzu an tsare wani ɗan ruwa tsakanin murfin wannan da murfin waccan, kamar ɗan ƙaramin ɗaki cike da ruwa. Ma'aikatan da ke cikin tsohuwar gaɓa sai su buɗe famfo su janye ruwan ɗakin nan. Me zai faru? Ku tuna da wanzami idan yana yin ƙaho. Ba ya ɗaure ƙahon da igiya, ba ya liƙa shi da danƙo. Zuƙe iskar ciki yake yi ya toshe, sai iskar waje ta danne ƙahon a jikin mutum ya kama kam. Haka nan da zarar an janye ruwan ɗakin, ba sauran abin da ke tokare sabuwar gaɓa ta wannan gefe, ga shi kuwa ta ɗaya bakin teku na tura ta da dukkan ƙarfinsa. A zurfin mita 10 ruwa yana danna kowace murabba'in mita da nauyin tan 10. Idan fuskar gaɓa ta kai murabba'in mita 300, tana kuma zurfin mita 20, turin ya kai tan 6,000. Ba jak ɗin da mai nitso zai ɗauka ya yi wannan aiki. Ruwan da ake tsoro shi ne ke matse robar ya hana kansa shiga. Mutanen Holan ne suka ƙirƙiro wannan roba a shekarun 1960, suka sa mata suna Gina, sai ka ce Bahaushe ne ya raɗa mata. Bayan haka a ƙara wata roba ta biyu daga ciki don ko ta kwana, a cire murafen, mutum ya taka da ƙafarsa daga wannan gaɓa zuwa waccan. Sa'an nan a zuba kankare a daɓen don ya maye gurbin ruwan tankuna, a cike gefunan gwalalon da yashi da tsakuwa, a lulluɓe sama da manyan duwatsu saboda ƙugiyar jirage.

Ba jiya aka fara wannan tunani ba. Tun 1810 wani Bature mai suna Charles Wyatt ya kawo shawarar a nutsar da bututan bulo a kogin Thames, aka ɗan gwada aka bari. Hanyar sufuri ta farko da aka yi haka ita ce ta jirgin ƙasa tsakanin Detroit a Amurka da Windsor a Kanada, wadda aka buɗe a 1910. Matsalarsu irin ta Jebba ce, fito da taragu, ga kuma ƙanƙara da ke toshe kogin da hunturu. Da bututan ƙarfe suka yi tasu, aka zuba kankare a kewaye. Akwatin kankare mai kusurwa huɗu kuwa, wanda aka fi yi yanzu, a Rotterdam ta Holan aka fara shi a ƙarƙashin kogin Maas, gaɓoɓi tara, aka fara a 1937 aka buɗe a Fabrairun 1942 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. A San Francisco an nutsar da gaɓoɓi 57 a tsawon kilomita 5.8, jirage suka fara bi a 1974. Da girgizar ƙasa ta 1989 ta zo, wani yanki na babbar gadar da ke sama ya rufta, aka rufe ta wata guda, amma hanyar da ke gindin ruwa an duba ta jirage suka ci gaba da bi bayan 'yan sa'o'i.

'Yan kasuwarmu masu zuwa Santambul sarin kaya, da yawansu sun bi ta irin wannan hanya ba su sani ba. Jirgin Marmaray da ke ƙetarewa daga ɓangaren Turai zuwa na Asiya yana bi ta gaɓoɓi 11 da aka nutsar a mashigin Bosforus, tsawonsu wajen kilomita 1.4, zurfinsu ya kai mita 60. Hasumiyar Gobarau wajen mita 15 ce, sai a ɗora huɗu kan juna kafin a taɓo saman ruwa daga can. Mashigin kuma yana da wani hali, ruwan sama yana gudu kudu, na ƙasa yana gudu arewa, ga jirage ba dare ba rana. Amma abin da ya fi jinkirta aikin ba ruwa ba ne. Wajen haƙa tasha a Yenikapı aka tono tsohuwar tashar jiragen ruwa ta zamanin Rumawa, da ragowar jirage fiye da 30, aka dakata shekaru masana tarihi suna aikinsu. An buɗe hanyar ran 29 ga Oktoba, 2013.

Labarin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na ƙasar Sin, a bakin kogin da ke gangarowa daga Guangzhou, wani garin da 'yan kasuwarmu suka sani. Hanyar da ta haɗa Hong Kong da Zhuhai da Macau kilomita 55 ce, a cikinta akwai kilomita 6.7 a ƙarƙashin ruwa, gaɓoɓi 33, yawancinsu mita 180. Da aka zo kan gaɓa ta 15 a watan Nuwamba na 2014, an riga an jawo ta, jirage da ma'aikata duk sun hallara, sai masu nitso suka tarar laka ta kwanta a kan shimfiɗar tsakuwa. Kaurin lakar 'yan santimita ne kawai. Babban injiniyan aikin, Lin Ming, ya ce a juya da ita. Aka sake fitowa a Fabrairun 2015, aka sake tarar da laka, aka sake juyawa. Sai a karo na uku, a watan Maris, aka nutsar da ita. Ku yi tunanin kuɗin da kowace fita ta ci, da fuskokin manya da ke jira, da saukin cewa ai ɗan wannan ba zai yi komai ba. Haka kuma da aka zo rufe giɓin ƙarshe a watan Mayu na 2017, aka zura wani yanki mai tan 6,000 tsakanin gaɓoɓi biyu, ya kama, ba ya yoyo, sai awo ya nuna ya goce da santimita goma sha wani abu. Aka kwance aka sake zaunar da shi har gociyar ta koma 'yan milimita. An buɗe hanyar a Oktoban 2018, an kuma tsara ta don ta yi shekara 120.

Wadda za ta fi duka tsawo idan an gama ita ce ta mashigin Fehmarn tsakanin Denmak da Jamus, wadda aka fara aikinta a 2020. Kilomita 18 ce, ta fi kewayen ganuwar Katsina da aka ce ya kai kilomita 14. Gaɓoɓi 89 aka tsara, 79 daga ciki kowace mita 217 da tan 73,000. Fiton da ke ɗaukar minti 45 zai koma minti 7 a jirgin ƙasa, minti 10 a mota.

To, jama'a, duk wanda ya ji wannan bayani zai ɗauka idan ruwa zai ci irin wannan hanya ta mahaɗa zai shigo. Ba haka abin ya fi faruwa ba. A garin Norfolk na jihar Virginia a Amurka akwai wata hanya da aka nutsar a ƙarƙashin kogin Elizabeth, ana bi tun 1962. An yi mata ƙofar ƙarfe a baki don a rufe idan ruwa ya yi tsiri. A watan Satumba na 2003 guguwar da aka sa wa suna Isabel ta turo ruwa cikin gari. Ma'aikata suka je rufe ƙofa, sai wasu farantan ƙarfe da ke kan titi, waɗanda sai an cire su ƙofar za ta zauna, suka ƙi cirewa da wuri. Cikin abin da bai kai sa'a guda ba ruwa galan miliyan 44 ya cika ramin, ma'aikatan suka tsira da ƙyar, aka rufe hanyar kusan wata ɗaya. Gaɓoɓin da mahaɗansu sun yi shekara 41 suna tare kogi ba su gaza ba. Ƙofar da ke tudu, wadda kowa ke wucewa ta gabanta kullum, ita ce ta ƙi aiki ranar da aka neme ta. A Koriya ta Kudu kuma, ran 15 ga Yuli, 2023, wani shingen kogi ya ɓalle kusa da Osong, ruwa ya kwararo cikin wata hanyar ƙarƙashin ƙasa, ba ta teku ba, irin ta cikin gari, ba a kuwa tsayar da motoci ba. Mutum 14 suka rasu a ciki, har da fasinjojin wata bas.

Wannan ya dawo da mu gida. Idan aka tambaye mu ko Nijeriya na bukatar hanyar da aka nutsar, amsarmu ita ce a Arewa dai babu inda za ta fi gada. Kogunanmu ba manyan jiragen teku ke binsu ba, gada ta fi araha nesa ba kusa ba, ga shi kuma gindin Kwara da Binuwai yashi ne mai tafiya, gwalalon da aka haƙa yau gobe ya cike, abin da ya wahalar da mutanen Sin. A kan Kwara ma a Onicha gada ta biyu aka yi, aka ƙaddamar da ita a 2023, muna kuma ganin daidai ne. Inda za a iya kawo maganar da hujja shi ne mashigin tashar jiragen ruwa irin na Ikko. Saboda haka kada wani ya fita nan ya ce mun nemi a nutsar da hanya a Zoɓe.

Abin da ya shafe mu shi ne halin ruwa, wanda ba ya sakewa daga teku zuwa tudu. Na ɗaya, duk hanyar da ta gangara ƙasa da unguwar da ke kewaye da ita kwari ce, ruwan sama kuwa kwari yake nema. Ruwanmu a 'yan watanni yake zuwa, a Agusta ma wani lokaci na mako guda ya sauko a dare ɗaya. Mutanen Jibiya ba su manta da daren nan na Yulin 2018 ba, da ambaliya ta ci mutum fiye da 40. Ruwan da ya taru a kwarin hanya hanyoyi biyu ne na fitarsa, ko magudana mai gangara zuwa inda ya fi ƙasa, ko injin tsotsa. Magudana tana cikewa da yashi da leda, inji kuwa yana bukatar wuta, wutar kuma an fi ɗauke ta daidai lokacin da hadari ya taso.

Na biyu, ƙa'idar da ta taso da gaɓa mai tan 55,000 tana aiki a cikin ƙasa ma. Idan ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hau da damina, duk wani akwati marar komai a ciki da aka binne, ko tankin mai ne, ko tankin ruwa, ko daɓen hanyar da ta nutse, ruwan yana tura shi sama. An sha ganin tankin da aka binne ba a ɗaure ba ya fasa ƙasa ya taso. Masu nutsar da hanya suna zuba kankaren nauyi a daɓe saboda wannan, mai zanen ginin ƙarƙashin ƙasa a Katsina ma tilas ya auna tsayin ruwan a Satumba, ba a Afrilu kaɗai ba.

Na uku shi ne yin gini a tudu. Kwalbatocin da ake zubawa a wuri ɗaya a ɗauko da mota a jera sun fi waɗanda ake zubawa a cikin ƙorama ana tseren hadari, domin ana iya auna su, a gwada ƙarfinsu, a ƙi wanda bai yi ba tun bai shiga ƙasa ba. Hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi, wadda aka aza harsashinta a Fabrairun 2021, ta biyo ta Daura da Katsina da Jibiya, ƙoramu nawa za ta ƙetare a tsawon kilomita 284? Kowace mahaɗa ta kwalbati a kan wannan hanya ƙaramar 'yar'uwa ce ga mahaɗar da muka bayyana. Idan ba ta zauna daidai ba, ruwa zai riƙa bi ta tsagar yana kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin hanya, shekara biyu ko uku ba wanda ya lura.

Da yawa daga cikinku ba injiniyoyi ba ne, ba kuwa za ku zama ba. Amma fayil ɗin zai biyo ta teburinku, a ofishin kasafi, ko na binciken kuɗi, ko na Ma'aikatar Ayyuka. Idan takardar wata hanyar ƙarƙashin ƙasa ta zo hannunku, muna roƙonku ku nemi shafin da ya faɗi inda ruwan zai fita, da yawan ruwan saman da aka yi lissafi da shi. Ku duba ko injin tsotsar ɗaya ne ko akwai na biyu, da abin da zai juya su idan an ɗauke wuta. Ku nemi layin da aka ware wa yasar magudana a watan Mayu na kowace shekara, ba shekarar buɗewa kaɗai ba. Sa'an nan ku tambayi sunan ofishin da ke da ikon tare bakin hanyar da ƙarfe biyun dare idan ruwa ya kai gwiwa, da kuma ranar da aka gwada shingen a karo na ƙarshe.

Shugaban taro ya ɗaga mana hannu tun ɗazu. Sauran lokacin na masu tambaya ne.